Fartanya a Bakin Gona

Tun da asuba Leah take gaban murhu, tana tuƙa tuwon mutum ashirin. Mika, mai neman aurenta, ya yi alkawarin kawo abokan hawan kekensa su nome wa mahaifinta gonar gero. A garinsu da fartanya ake neman aure, kuma mahaifin nata, Baba Maikano, ya riga ya ɗaga masa ranar noman sau biyu.

Sai da rana ta take suka iso a jere, kowa da hular kwano da jaka a bayan keke. Babu mai fartanya. Mika ya tsaya a bakin gona, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Leah, yau dole mu kwana Minjibir. Tafiyar kwana tara ce kawai. Da mun dawo..."

"Ciyawa ta ji, za ta jira ka."

Ya leƙa gonar. Tsohon yana duƙe shi kaɗai, ko ɗagowa bai yi ba.

"Kin san ina son ki."

"Ka sha faɗa." Ta miƙa masa fartanyar da ke kafaɗarta. "Layi ɗaya tak, Mika. Ka nome shi, ni zan shawo kan Baba."

Ya dubi fartanyar, ya dubi abokansa da suka fara gaba. Wani ya kaɗa ƙararrawa. Hannun Mika bai bar kan keken ba.

Ta jira har hannunta ya gaji.

"To, Allah ya kiyaye hanya. In kun dawo, kada ka biyo ta gidanmu."

Ta goge ido da bakin zani, ta shiga layin da ke kusa da mahaifinta, ta duƙa.