Allurar Gwaggo Kande

Tun da aka kafa dokar da ta tilasta wa jami'a lissafa abin da mutum ya koya a rayuwa a matsayin karatu nake fama da Gwaggo Kande ta je a gwada ta. Tun ba a haife ni ba take ɗinkin hula, amma makarantar matan unguwarmu ta hana ta koyarwa, wai ba ta da takarda. Ni haushi kamar ya kashe ni, ita kuwa kullum sai ta ce a bar wa Allah.

Yau dai na ja ta jami'a da jakar hulunanta.

"Ke Zuwaira, ni da ban taɓa shiga aji ba?"

"Gwaggo, hannunki za su duba, ba bakinki ba."

"Da sauƙi. Bakin nan ya fi ƙarfinsu."

Aka zaunar da ita gaban wata na'ura mai ido. Ta yi ta ɗinki tana hira, jifa-jifa tana goga allura a gashinta don ta yi santsi. Aka ce aikinta ya biya mata rabin digiri, kuma ta samu izinin koyarwa. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har masu gadi suka leƙo.

Muna fita na hango wani hannun ƙarfe ta taga, yana ɗinka hula shi kaɗai. Can ya dakata, ya ɗaga allurar, ya goga ta a iska, daidai inda kan mai ɗinki zai kasance.

"Me kike kallo, 'yar nan?" in ji Gwaggo.

"Ba komai, Malama. Mu je."