Kangon da Ke Bayan Shinge

"Sake lissafin nan, Stamen," in ji Zdravka, mai binciken da hukuma ta turo tasharmu ta nukiliya.

Raina ya ɓaci. Wata uku na yi a kansa: in bututu ya fashe, bawul ɗin da ke datse tururi ya ƙi rufuwa, guba nawa za ta kai ga mutumin da ya fi kusa da mu?

"Ba kuskure. Daga nan har kilomita biyar ba kowa."

"Gidan bayan shinge fa?"

"Kango ne. Ni na san gidan, ba taswira ta gaya min ba."

"Mu da ƙafa muke bi muna ƙirga awaki, don ta madara gubar ke shiga jiki." Ta ɗora ƙunshin cuku a kan takarduna. "Awaki huɗu, tsohuwa ɗaya. Ta gaji da benen da ɗanta ya ajiye ta a birni, tun bara waccan ta dawo."

Na gane ɗaurin ƙyallen, na mahaifiyata ne. Abokan aikina duk suka sunkuyar da kai.

"Ta ce a ba ka. Wai ta san aiki ne ya yi maka yawa."