Rasha ko Amurka a Bakin Kanal

Maharazu ya riga ya tayar da babur, don yau ce ranar ruwansa kuma da la'asar ake rufe kanal, sai Suhaibu maƙwabcin gonarsa ya ce, "Malam, ashe Amurka ce ta ci Yaƙin Duniya na Biyu?"

Maharazu ya kashe babur. Shekara ashirin yana koyar da tarihi a Kura, ba zai bar wannan ta wuce ba.

"Wace Amurka? Rasha ce ta riƙe Jamus ta gabas, sannan su suka lallaɓo ta yamma!"

"To Ingila fa?"

Ya dubi rana, ya tuna tumatirinsa ya yi yaushi, ya hau babur, ya sake sauka. Suhaibu na jefo tambaya, shi yana zana taswira a ƙasa.

Ana kiran la'asar wayar Suhaibu ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi murmushi.

"Malam, darasi ya shiga. Ni na riƙe ka ta gabas, ƙanena Usaini ya juya ruwanka gonarmu ta yamma. Albasarmu ta ƙoshi."