Rajistar Matan Ƙuba

Mace ta tamanin da uku ke nan da Saif ya sauke a ƙofar makarantar 'yan mata, inda ake rajistar masu zaɓe. Mahaifiyarsa Sabuwa tana kujerar baya, ta leƙo ta taga tana tuna wa tsohuwar kada ta manta takardar umda, wato shaidar mai unguwa cewa a Ƙuba ta Madina take zaune. Ita kam ba ta sauka ba. Gwiwa, in ji ta.

Shekarar ce aka fara barin mata su jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar baladiya, wato majalisar gari, kuma duk unguwar babu wanda ya ɗauki abin da zafi kamar Sabuwa. Ba ta yi boko ba, amma mazaɓar nan kaf a kanta take. Ta san gidan da kakanninsu suka taso daga Kano a ƙafa, shekara bakwai a hanya. Ta san 'yan Damagaram da rusau ya koro daga unguwar Anbariyya. Ta san gidajen masu hawiyya, katin ɗan ƙasa, inda ake shiga da maganar zaɓe, ta san kuma gidajen bayan gonar dabino, na marasa katin, inda gaisuwa kawai ake kaiwa. A can ta fi daɗewa in ta shiga, har shayi ya huce.

Tarihin zaɓuka biyun baya ma tana ba da shi kamar jiya aka yi. Maza suka raba ƙuri'a gida biyu kan gardamar zuri'ar wa ta riga zuwa Madina, masu sababbin benaye na bakin titi suka tafi da kujera. Yanzu ga maganar wata hanya da za ta tsaga unguwar ta tsakiya. In Malam Ja'afaru, ɗan unguwa, bai shiga majalisa ba, wa zai buɗe baki a madadinsu?

Saif bai damu da hanya ba sosai. Abu ɗaya yake so: ya ga sunan uwarsa a rajistar nan. Tun rasuwar mahaifinsa ya bar makaranta ya kama tuƙi, bai taɓa ba ta wani abin da za ta nuna wa mutane ba. Ga shi tana ramewa, ido ya faɗa, ta ƙi asibitin gwamnati, wai layi ya yi tsawo, sai wani ɗan ƙaramin asibitin kuɗi na bayan kasuwa. Zuciyarsa ta gaya masa ba lallai ta ga wani zaɓen ba.

Kullum ya yi mata magana sai ta ce gobe. Takardunta suna unguwar Jurf, hannun Baffa Bakri, ƙanin mahaifinsa, kamar yadda aka saba takardun mace su zauna wurin namijin gida.

Ranar da za a rufe rajista, ya ɗauki makullin mota tun hantsi. Ta kira shi da Hausa, ya amsa da Larabci, kamar yadda suka saba.

"Bar shi, ɗan nan. Ka taɓa ganin mai rabon abincin biki ta zauna ta ci?"

Bai saurara ba. A Jurf, Baffa Bakri ya tarbe shi da gahawa da dabino. Ya ce a bari a yi azahar. Bayan azahar makullin akwatin takardu ya ɓace. Aka ɗaga katifa, aka zazzage aljihun riguna, aka kira matar gida daga maƙwabta, tsohon yana ta salati yana satar kallon agogon bango. Da aka kira la'asar, lokacin rufe rajista ya wuce, sai ya zauna ya daina nema.

Saif ya fita ba sallama. A gida ya faɗa wa uwarsa maganar da har yau in ya tuna sai ya tsayar da mota a gefen hanya. Ya ce ta kwashi matan mutane ta kai, ita ta noƙe, ashe duk surutun tarihin nan baki ne kawai. Ta gyara mayafi ta ce abincinsa yana kan murhu.

Wata uku suna gida ɗaya, gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Saura mako guda zaɓe, bayan sallar asuba, ta kwanta ba ta tashi ba.

Kafin rana ta ɗaga, gidan ya cika da mata, har bakin titi. Na bayan gonar dabino su suka fi kowa kuka.

A ofishin da ake ba da takardar izinin binnewa, ma'aikacin ya nemi katin mamaciya. Baffa Bakri ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro shi, babu akwati babu makulli. Ya juya wajen Saif.

"Jira ni a waje, ɗana. Ita ta roƙe ni in ɓoye maka."

Saif ya riga ya karɓe katin. Hotonta ne, da ɗan murmushin nan da take yi in ta gama lissafa gidajen unguwa ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ya karanta a hankali, yana haɗa baƙi, yadda karatunsa ya ba shi. Ba hawiyya ba ce. Iƙama ce, katin zaman baƙi, kuma a layin ƙasa, ga matar da aka yanke wa cibi a Ƙuba, an rubuta Chadi, inda ba ta taɓa sa ƙafa ba.