Wuyan Hannun Telmo

Telmo bai cika shekara ashirin ba aka ɗaga shi ya zama mai tsaron gida na ɗaya a kulob ɗin garinmu, nan bakin teku a arewacin Portugal. Ɗan Albino masunci ne. Mu da muka gan shi yana ƙarami yana tare ƙwallo a kan yashi, da akwatunan kifi biyu a matsayin raga, ranar nan ƙafarmu ba ta taɓa ƙasa ba. Duk shagon kofi da ka shiga, hotonsa ne a bango.

Kai, yaron nan ya iya! Ga tsawo ga ido, kuma ba ya tsoron ƙafar kowa. Har wani babban kulob na Lisbon ya fara aiko mutane su zauna a sama suna kallonsa.

To, ku da ba ku san harkar ba, raga mutum ɗaya take ɗauka. Ɗan gaba in ya huta ana iya sako shi daga baya, amma gola in ya zauna a benci na bayansa ya shiga ya yi kyau, shi ke nan, sai ya tsufa a zaune.

Wata rana a wajen atisaye Telmo ya yi tsalle ya faɗo a kan tafin hannunsa na dama. Wuyan hannun ya ɗan kumbura daga gindin babban yatsa. Bai gaya wa likitan kulob ba, ya sa safar hannunsa ya rufe. Sai da ya koma gida ya kasa ɗaga cokalin miya, uban ya lura.

"Mene ne haka?"

"Baba, faɗuwa na yi. Ina ganin gobe zan nuna wa likita."

"Likita? Ya naɗe ka da filasta su ba wani ragarka, mutanen Lisbon suna gari? Dubi hannuna." Albino ya baje yatsunsa da igiyar taru ta karkatar. "Wanne na taɓa kai wa likita? Targaɗe ne kawai. Tashi mu je wajen Gwaggo Zulmira."

Gwaggo Zulmira ita ce mai ɗorin unguwar masunta, kuma kowa a cikinmu ta taɓa ja masa wata gaɓa. Ta shafa man zaitun, ta murza, ta ja hannun har yaron ya cije leɓe.

"Jijiya ce ta hau jijiya," in ji ta. "Ka ga ƙaton banza, zai yi mini kuka! Ubanka da na ja masa, ko tari bai yi ba."

Haka Telmo ya ci gaba da wasa wata da watanni. Kafin ya fita ya naɗe wuyan hannun tam, ya haɗiye ƙwayar kashe ciwo. A wasan ƙarshe na kakar wasannin, wanda in muka faɗi za mu gangara rukunin ƙasa, aka ba abokan karawa fenareti ana dab da tashi. Telmo ya tashi sama ya doke ƙwallon da wannan hannun na dama. Wallahi ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Masunta suka ɗauke shi a kafaɗa har bakin tashar jiragen ruwa, aka gasa kifin sardin, Albino yana bin mutane ɗaya-ɗaya yana cewa, "Ɗana ne! Jinina ne!"

Kulob ɗin nan na Lisbon ya kira shi. Saura gwajin lafiya kawai a sa hannu. Likitar da ke gwajin ta ɗaga hoton ƙashin hannunsa ta daɗe tana dubawa.

"Yaushe ka karye?"

"Ban karye ba, likita. Targaɗe ne."

"Wani ɗan ƙaramin ƙashi ne a nan ya tsage tuntuni. Jini ba ya isa gare shi sosai, shi ya sa ba ya haɗewa da kansa. Da ka zo da wuri, filasta ce ta 'yan makonni. Yanzu rabinsa ya mutu."

Aka yi aiki har sau biyu. Ciwon ya lafa, amma wuyan hannun ya sandare, ba ya lanƙwasuwa baya. Gola kuwa da wannan lanƙwasar yake cin abinci. Lisbon ta ɗauki wani, ragar garinmu ma ta koma hannun golan da ke bayansa, wanda ake gudun ya karɓe ta. Albino ya daina zuwa shagon kofi, kuma na tausaya wa mutumin nan ƙwarai, don so ne ya sa shi.

Amma ku ji abin da ya sa har gobe muke alfahari da Telmo. Bai ɓuya a ɗaki ba. Ya koma kulob ya roƙi a ba shi horar da masu tsaron gida masu tasowa. Ranar farko ya tara su da iyayensu, ya naɗe hannun riga, ya nuna musu tabon.

"Kun ji ana yabona na tare fenareti da karyayyen hannu. Kada wanda ya yi koyi da ni. Duk wanda ya ji ciwo ya faɗa mini, ni zan tsare masa ragarsa har ya warke."

Can baya wani dattijo ya cire hularsa ya ɗaga karkatattun yatsunsa sama.

"Ni ne uban da ya hana shi zuwa asibiti," in ji Albino. "Ku dube ni da kyau, kada ku zama ni."

Jama'a, ɓoye ciwo ba jarumta ba ce. In ɗanka ya ce wani wuri yana masa ciwo, kai shi a duba tun abin yana ƙarami, don hutun 'yan makonni ya fi asarar sana'ar rayuwa.