Irin Gwaza na Jami'a

"Dakta Salanieta, duba da kyau. Irinmu ne?" in ji lauyan kamfanin.

Ta tsuguna ta juya ganyen gwaza. Jan layin nan na ƙasan ganye yana nan. Ƙuruciyarta ta ƙare a ɗakin bincike wajen tabbatar da cewa ciwon ganye ba ya kama wannan iri. Sai sabon shugaban jami'a ya ce duk binciken da ba ya shiga kasuwa a rufe shi. Aka sayar wa kamfani da irin. Yanzu duk wanda ya shuka ba izini a tsibirin Taveuni, tumɓukewa ake yi.

"Shi ne," ta ce. Ko gezau ba ta yi ba.

Ma'aikata suka shiga gonar da adduna. Mai gonar, tsoho Waisake, yana zaune kan kututturen kwakwa yana kallo.

"Baba, a ina ka samo irin?" lauyan ya tambaya.

"Samowa kuma?" Ya nuna ta da haɓa. "A gonar nan na cira na ba ta, ranar da za ta tafi jami'a."

Sannan ya juyo gare ta. "Sala 'yata, mahaifiyarki ta dafa miki gwaza. Ci kafin ki wuce, na ƙarshe ke nan."