Fistan Ya Ƙi Shiga

Fistan ya ƙi shiga silinda, can gindin tsamiya kuma jikana ya ƙi fitowa duniya.

Ruwa ya cinye hanyar Damagaram, 'yata ta galabaita da naƙuda tun jiya. Ba abin da ya rage mana sai wani ƙaramin jirgin sama da ya sauka dole a gonar gyaɗa, bayan Matameye. Nasaran da ke tuƙa shi ya ce in moter, wato injin jirgin, ta tashi zai kai 'yata asibiti. Ni kuwa manyan motocin kamiyo nake gyarawa, su ma rabinsu sai da turi.

"Malam, ko nishi ta daina!" uwar 'yar tawa ta ƙwala mini.

"Ce mata ta jira ni, don Allah!"

Man inji ya yi kaɗan, sai na shafe zobban fistan da man gyaɗa. Na matse su da yankin gwangwani, na tura, ya shige. Na ɗaure notuna ina karanto duk addu'ar da na sani, har ta cin abinci.

Nasara ya juya farfela. Moter ta yi tari, ta buga ƙara kamar bindiga, ta mutu murus. Gona ta gauraye da ƙamshin ƙosai.

Na durƙusa, na rufe fuska. Sai ga kukan jariri daga gindin tsamiya, da muryar 'yata tana salati.

"Razana ta yi, ya faɗo!" in ji uwarta, tana guɗa.

Jirgin bai ko motsa ba. Amma cikin duk abin da na taɓa gyarawa, shi kaɗai ya sauke fasinja lafiya.